Mai Taurin Bashi Da Amanar Ƙasa



In da za a shiga ajinmu yau a ce duk mai son zama soja, ko ɗan sanda, ko jami'in kwastan ya ɗaga hannu, na tabbata hannuwa za su yi yawa, kuma nawa na ciki. Ni kam tun ina aji ɗaya, duk sa'ad da muka tashi daga Birnin Kudu za mu Kano, da motarmu ta kawo Wudil sai in leƙa ta taga in kalli ƙofar babbar makarantar horon 'yan sanda, in ce a raina, in Allah Ya yarda wata rana ina ciki. Wasu abokaina kuwa Kaduna suke hange, makarantar hafsoshin soja, wasu kuma Zariya inda ake horon kurata. Shi ya sa da asuba za ka ga yara suna zagaya filin ƙwallo da gudu, wasu suna auna tsawonsu a jikin bango, wasu suna auna ƙirji da igiya. Duk wannan yana da kyau. Amma akwai wani awo da ba a yin sa da igiya, ban kuwa taɓa ganin ɗayanmu yana shirya masa ba. Shi ne binciken da hukuma takan yi a kan halin mutum kafin ta damƙa masa bindiga ko asirin ƙasa, watau abin da ake kira tantancewa. Abubuwa biyu da ke ka da mutane a wannan awo su ne taurin bashi da ƙarya. Ni a ganina daidai ne su ka da mutum, kuma zan faɗi dalilina.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Ina da wani yaya, ɗan baffana, a ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba tonon asiri na zo yi ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Shekara uku da suka wuce ya karɓi taki buhu biyu bashi a wurin wani ɗan kasuwa a Sara, a kan in kaka ta yi ya sayar da riɗi ya biya. Allah Ya ba da damina mai albarka, riɗi kuma ya yi kuɗi. Yaya ya sayar, ya sayi sabuwar waya da takalma, sa'an nan ya aika wa mai taki cewa ruwa ya cinye gonar. Da mai taki ya dame shi da kira sai ya sake layi. Ran kasuwa kuwa ya daina bi ta rumfar 'yan taki, sai ya zagaya ta wajen 'yan awaki.

Ana nan, sai aka buɗe ɗaukar kuratan 'yan sanda. Yaya ya je shagon kwamfuta a Gwaram ya cika takardu ta intanet. Tsawo yana da shi, ƙirji yana da shi, sakamakon jarrabawarsa ma ba laifi. Saura takarda guda, ta mai tsaya wa mutum, wadda sai wani babba sananne ne zai sa mata hannu, kamar basarake, ko alƙali, ko babban ma'aikacin gwamnati. Akwai wani dattijo ɗan garinmu da ke babban aiki a Dutse, yakan zo gida ƙarshen mako. Ran Asabar da hantsi Baffa ya ɗauki Yaya suka tafi wurinsa, ni kuma da yake muna hutu na bi su ina riƙe da takardun.

Bayan an gaisa, dattijo ya sa tabarau ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Sa'an nan ya dubi Yaya ya ce, “Yaro, ana so in shaida na san ka, na kuma san halinka. Cikin sharuɗɗan aikin nan kuwa an ce kada mai nema ya zama wanda bashi ya yi wa katutu. To, ina labarin takin Sara?”

Yaya ya ce, “Ai Baba, an daɗe da biya.”

Dattijo ya yi shiru. Can sai ya rufe alƙalaminsa ya mayar aljihu, ya ce, “Jiya sahu ɗaya muka yi sallar Juma'a da mai takin. Da ka ce mini ba ka biya ba, amma ga yadda za ka biya, da na sa maka hannu, wataƙila ma in cika maka wani abu. Buhu biyu bai isa ya raba ka da kaki ba. Amma ka dube ni, a gaban mahaifinka, ka yi mini ƙarya. In na tsaya maka aka ba ka bindiga aka ajiye ka a shinge, wa zai tsaya wa talakawan da za su bi ta gabanka?”

Baffa ya sunkuyar da kai. Muka yi sallama muka fito, har muka isa gida ba wanda ya ce uffan. Kafin Yaya ya sami wani mai tsaya masa, labari ya riga ya zaga gari, lokaci kuma ya ƙure.

Ba zan ɓoye muku ba, a ranar haushin dattijon na ji. Na ce a raina, mutum yana da albashi da mota, ya hana ɗan talaka hanyar abinci saboda taki. Sai da na dawo makaranta na yi ta juya maganar, na kuma tambayi malamanmu, sa'an nan na gane dattijon ya fi ni hangen nesa.

Aikin tsaro, jama'a, riƙon amana ne tun daga farkonsa har ƙarshensa. A hannun jami'i makullin ɗakin makamai yake. Shi ya san daren da za a kai samame, shi ya san sunan bawan Allahn da ya tsegunta wa hukuma maɓoyar ɓarayi. A wannan zamani da ɓarayin shanu da masu satar mutane suke neman masu kai musu rahoto ruwa a jallo, wa kuke tsammani za su nufa? Ba za su ɓata lokaci a kan wanda hankalinsa ke kwance ba. Za su nemi wanda masu bin bashi suka hana barci, su ce ga abin da zai fitar da kai kunya, mu dai ka gaya mana ta wace hanya motar sintiri za ta bi gobe. Da ya karɓa sau ɗaya shi ke nan, igiya ta shiga wuya, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuma ya kasance dama yana da wata ƙarya da ya binne, kamar takardar jabu ko shekarun da ya rage, to, duk wanda ya san wannan asiri ya zama ubangidansa, sai yadda ya juya shi.

Kada a ce wannan tunanin yaro ne. Malaminmu na tarihi ya ba mu labarin wani Ba'amurke, Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA. Bashi ya taru masa bayan ya rabu da matarsa ta fari. A 1985 ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Washinton ya nemi dala 50,000 a bakin asirin ƙasarsa. Da ya ɗanɗana bai iya tsayawa ba. Ya ba da sunayen mutanen da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye, aka kashe kimanin 10 daga cikinsu. Sai a 1994 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ku duba fa, rayukan mutane ne suka tafi a kan bashin mutum ɗaya. A can Amurka, duk wanda za a bari ya ga asirin gwamnati sai ya cika takarda mai shafi fiye da 100, a ciki har da tambaya a kan bashin da ya kasa biya cikin shekara 7 da suka wuce. Matsalar kuɗi tana cikin manyan dalilan da ke sa a hana mutum izini, wanda kuwa ya yi ƙarya a takardar yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5.

A nan gida ma dokokinmu ba su yi shiru ba. Ban da sharaɗin da ke cikin sanarwar ɗaukar 'yan sanda, ƙa'idojin aikin gwamnati sun lissafa mummunan tsunduma cikin bashi da kuma sauya takardu a jerin manyan laifuffukan da ke iya raba ma'aikaci da aikinsa. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 66, ya hana mutum tsayawa takarar Majalisar Tarayya in kotu ta ayyana shi a wanda ya karye bai fita daga bashi ba, ko in an same shi da laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe, ko in ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu. Manyan muƙamai kuma sai hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta yi bincikenta. A watan Agusta na 2023 Majalisar Dattawa ta amince da mutum 45 cikin 48 da aka kai mata don zama ministoci, ta dakatar da 3 a kan tana jiran sakamakon tantancewar tsaro. Ashe ke nan awon da ya tsai da yayana a zauren ƙauye yana tsai da manya a Abuja.

Game da ƙarya kuwa, iyayenmu ba su manta da abin da ya faru a 1999 ba. Salisu Buhari daga Kano ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, kujera ta huɗu a ƙasar nan. Bai cika wata biyu a kai ba aka bankaɗo cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin da ya ce ya samo daga Jami'ar Toronto ta Kanada ba shi da asali. Ya sauka, ya nemi gafarar 'yan ƙasa, kotu ta hukunta shi, daga baya aka yi masa afuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi a ƙarƙashin babbar kujera.

Wani abin lura shi ne, dabarar sake layi da zagaya kasuwa ta kusa daina aiki. Tun 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum na banki da zanen yatsunsa. A 2017 aka yi dokar da ta tsara aikin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a. Daga watan Agusta na 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da mutum ya ƙi biya daga asusunsa na wani banki. Saboda haka yayyenmu da ke latsa waya su ci bashi su zuba a cacar ƙwallo, suna cewa ai ba wanda ya gan su, su san cewa akwai inda ake rubutawa.

Kada kuma wani ya ɗauka Turawa ne suka kawo mana tantancewa. Wane uba ne a Gwaram ko Birnin Kudu zai ba da 'yarsa bai aika an binciko halin yaro ba? Me ake tambaya in an je? Yana salla? Yana da sana'a? Yana da gaskiya? In an ba shi bashi yana biya? Haka fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, baƙo ba ya samun kaya bashi sai mai masaukinsa ya tsaya masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Kullum kuma muna ji a wurin jana'iza ana shelar duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa wa magada. To, in ba a ba mai taurin bashi 'ya guda sai an yi dogon tunani, yaya za a ba shi tsaron gari sukutum?

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Mun yi gardama a kai a ɗakin kwananmu har aka kaɗa ƙararrawar kashe fitila.

Wani abokina ya ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma talaka shi ya fi ci, saboda haka wannan sharaɗi ƙofa ce da aka rufe wa 'ya'yan talakawa. Gaskiya ne talaka na cin bashi. Mahaifina ma sau da yawa da rance yake haɗa mini kuɗin mota da na sabulu in an koma hutu. Amma mai bashi daban, mai taurin bashi daban. Dattijon nan da ya ƙi Yaya, a wannan makon ya sa wa wani saurayi hannu, alhali bashin da ke kansa ya ninka na Yaya, domin jinyar mahaifiyarsa ya yi a asibiti. Bambancin shi ne saurayin ya faɗa da bakinsa tun ba a tambaye shi ba, kuma kowace ranar kasuwa yana kai abin da ya samu. Bai ci jarrabawar a wannan karo ba, amma sunansa na nan garau, duk ran da aka sake buɗewa yana da mai tsaya masa. Abin da nake roƙon masu tantancewa shi ne su riƙa tambayar dalilin bashi da ƙoƙarin da mutum yake yi na biya, kada su yi wa kowa kuɗin goro.

Wani kuma ya ce, manya nawa ne suka ci bashin banki na miliyoyi suka ƙi biya, ga su nan suna yawo da jiniya? Kuma ba ma jin labarin masu sayen aiki da kuɗi, ko masu shiga da takardar wani babba? Wannan magana ta fi yi mini nauyi, domin muna jin irin waɗannan labarai. Sai dai in rariya ta yage a gefe guda, ɗinke ta ake yi, ba a jefar da ita a tuƙa tuwo da tsakuwa. A tsananta awon a kan manya kamar yadda ake tsananta shi a kan ɗan manomi. Ina kuma roƙon iyayenmu, don Allah a daina jinginar da gona ko cin bashi don a saya wa yaro aikin kaki. Wanda ya shiga aiki da bashi a wuya, a kan hanya zai fanshe kuɗinsa, daga aljihun direba da ɗan acaɓa da mai kai awaki kasuwa. Mu ne dai za mu biya.

Na uku ya ce, to mutum ba ya tuba? Yana tuba mana, bai kuwa kamata kuskuren ƙuruciya ya bi mutum har kabari ba. Tsarin Mulki ma shekara 10 ya yanka, bai ce har abada ba. Amma tuban bashi biya ne. Ina farin cikin shaida muku cewa Yaya ya je Sara da ƙafarsa ya ba mai taki haƙuri, ya biya buhu ɗaya, ɗayan kuma sun yi alkawari a gaban shaidu sai kaka.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan'uwana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaya ba a Sara ya koyi wannan hali ba, shi ma makarantar kwana ya yi. Mu nawa ne muka ci ƙosai ko ƙuli-ƙuli bashi muka ce sai ranar ziyara, ranar ta zo ta wuce muka yi kamar mun manta? Mu nawa ne muka ari garin kwaki ko sukari a wurin ƙananan yara 'yan aji ɗaya, mun san sarai tsoro ba zai bar su su tambaye mu ba? Wa bai san masu rubuta wa iyaye cewa an ce a kawo kuɗin littafi ba, alhali ba wanda ya ce? Ga masu shiga jarrabawa da 'yar takarda a cikin safa, ga masu shirin rage shekaru tun yanzu. Muna ɗaukar waɗannan wayo ne, har mukan yi wa mai yi kirari. Amma ku lura, ko a nan makaranta in za a naɗa wanda zai riƙe makullin ɗakin abinci, malamai sukan tambayi halinsa tukuna. Ran da za mu fita kuma, shugaban makaranta ne zai rubuta mana takardar shaidar hali, kuma shugabannin makarantu da malamai suna cikin waɗanda akan koma wa in ana binciken mutum.

Ba zan ɗora wa wasu laifi in tsame kaina ba. Lokacin da dattijon nan yake yi wa Yaya magana, ni da nake tsugune a gefe akwai naira 1,800 a kaina ta wata tsohuwa mai sayar mana da ƙosai, tun zangon karatu na biyu. Har na koyi bin bayan ajujuwa don kada mu haɗu, kamar dai yadda Yaya yake zagayawa ta wajen 'yan awaki. Da aka dawo hutu na cire daga kuɗin kashewata na kai mata. Ta karɓa ta ƙirga, ta ce, “Ɗan nan, ai na ɗauka ka bi sahun sauran.” Wannan kalma ta “sauran” ta tsaya mini a rai. Tsohuwa ce da ke tashi tun kafin asuba ta yi niƙa, ribarta ba ta taka kara ta karya ba, ga shi mu masu shirin tsaron ƙasa mu ne muke karya mata jari.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, kowa ya zauna daren yau ya rubuta abin da ake bin sa, kome ƙanƙantarsa. Wanda zai iya biya ya biya kafin hutu. Wanda ba zai iya ba ya je ya faɗa, ya nemi a ɗaga masa ƙafa, domin mai bin bashi ya fi jin zafin ɓuya a kan jinkiri. Iyayenmu kuma in mun zo gida, bayan an duba sakamakon jarrabawa, a riƙa tambayarmu ko akwai wanda yake bin mu wani abu a makaranta. Masu sa hannu a takardun mutane su ma su ji tsoron Allah, kada kunya ko zumunci su sa su shaidi wanda ba su yarda da shi ba.

Mu mutanen Birnin Kudu mun fi kowa sanin ma'anar karin maganar nan da ke cewa hali zanen dutse. Ga zanen shanu nan a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda suka yi shi sun shuɗe tun ba a san ranar ba, amma har yau baƙi suna zuwa kallo. Abin da muke zanawa a shekara 16 shi za a zo a karanta ran da muka miƙa takarda muna neman a tsaya mana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, Ya sa mu zama masu riƙon amana, amin. Wassalam.

Daga wani ɗalibi, Aji Biyar